Hogen Bakin Magudana

Ranar Juma'a wajen ƙarfe uku, mazan Tudun Gawo suka dawo daga masallacin Juma'a na Kura suka tarar gonar albasar Alhaji Sammani ta koma tafki. Gaɓar ƙaramar magudanar da ke kai ruwa gonakin yamma ce ta ɓalle, ɓarakar ta kai tsawon mutum a kwance, ruwa ya shafe fangali bayan fangali na albasar da saura mako biyu a cire. Kowa a garin ya san albasar da ta kwana cikin ruwa ta gama yawo. A bakin ɓarakar kuma, ko'ina ka duba sawun kofato ne.

Kafin magariba an gama shari'a a teburin mai shayi. Shanun Dattijo ne, in ba su ba wa? Rugarsa ce kaɗai a wannan yanki, shekara talatin ke nan tana bayan gari, kuma burtalin da shanunsa ke bi zuwa mashaya ta gefen magudanar nan ya ratsa. Dokar kwamitin ci gaban gari a fili take: manomin da ya fasa gaɓa, a hana gonarsa ruwa har ƙarshen rani, in kuwa dabbobi ne suka fasa, a toshe musu burtali. Toshe burtali a tsakiyar rani kuwa kora ce, sunanta kawai aka sakaya.

Washegari da safe shugaban kwamitin, Alhaji Ni'imatullahi, ya aika a kira masa Baballe mai bin sawu.

Baballe ya haura sittin, gwiwarsa ta hagu ta daɗe da yi masa tawaye. A zamaninsa ya bi sawun shanun sata har ƙetaren Dawakin Kudu, ya taɓa gano ɓarawon injin ban ruwa ta yadda nauyi ya sa dugadugansa nutsewa a ƙasa. Yanzu kowa na da waya mai ɗaukar hoto, kowa ya zama mai bincike, shi kuma an ba shi kujera a kwamiti don girmamawa, inda yake zuwa ya yi gyangyaɗinsa a inuwa. Shi kansa bai damu ba. Ya gaji da neman gaskiya wa mutanen da suka riga suka san abin da suke so su ji.

"Malam Baballe, ba dogon aiki ba ne," in ji Alhaji Ni'imatullahi, yana zaune a zaurensa da waya biyu a gabansa. "Ka je ka duba mana sawun nan, ka tabbatar na shanun Dattijo ne. Litinin bayan la'asar za mu zauna. Ba na so a ce mun yanke hukunci babu shaida."

"Shaida kuke so ko bincike, Alhaji?"

"Ai duk ɗaya ne."

Baballe ya ɗauki sandarsa ya fita.

A bakin ɓarakar ya tarar da abin da ya zata. Rabin gari ya riga ya zo kallo, an tattake wurin kamar filin kasuwa, an jera buhunan yashi an toshe ruwan. Nasiru, sakataren kwamiti, saurayi mai takardar difloma da ba ta samo masa aiki ba, yana tsaye yana nuna wa mutane hotuna.

"Baba, ga ebidens nan," ya ce, ya miƙo wayar. "Har sawun babur na ɗauka. Wataƙila akwai wanda ya taimaka musu."

Baballe ya dubi sawun tayar a ƙasa, ya dubi babur ɗin da ke jingine da bishiyar darbejiya.

"Naka ne, Nasiru. Tayarka ta baya ta cinye a gefe ɗaya."

Aka yi dariya, Nasiru ya mayar da wayarsa aljihu.

Da mutane suka ragu, Baballe ya durƙusa da ƙyar. Shanun Dattijo ne, wannan babu musu. Ga sawun jar saniyar nan mai karkataccen kofato da ya sani tun tana maraƙa. Amma duk sawun a kan sabuwar lakar da ruwa ya shimfiɗa yake. Kofatan a jere suke, suna fuskantar ruwa, sun nutse daidai wa daida, irin tsayuwar dabbar da ta sunkuyar da kai tana sha. Babu inda ƙafa ta zame, babu inda gaɓa ta rufta da nauyi. Shanun sun zo ne bayan ruwa ya riga ya ɓalle.

Ya miƙe yana dafa sanda. Da ma a ce bai gani ba, da yau ya huta.

Rugar Dattijo ta yi tsit da ya isa. Inno, matar Dattijo, tana zaune tana ɗaure ƙorenta cikin raga, manya a ƙasa ƙanana a sama, ba wanda ya ce ta yi. Ta gaishe shi, ta kawo masa nono a ƙwarya kamar kullum, amma ba ta tsaya taɗi ba.

"Ka ga ta fara haɗa kaya," in ji Dattijo, dogon tsoho mai farin gemu. "Na ce ta bari, ta ce ta taɓa ganin irin wannan a garin iyayenta. A nan na binne uwata, Baballe. A nan aka haifi 'ya'yana duka. Ina zan kai shanu a wannan rani?"

"Ba a yanke komai ba tukuna."

"An yanke. Yau matan gari ba su sayi nono ba."

Aka kira Mudassiru, babban ɗan Dattijo, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda shi ya kora shanun ranar Juma'a. Ya tsuguna nesa kaɗan, idonsa a ƙasa.

"Wajen ƙarfe biyu na iso, Baffa. Na tarar ruwa na ta gudu. Shanu suka ji ƙanshinsa suka ruga, na kasa tare su. Na so in shiga gari in faɗa, na tuna duk maza sun tafi Kura."

"Wa ka gani a wurin?"

"Ba kowa. Gonaki fayau. Sai dai mata can nesa, masu tsintar itace da masu yankan ciyawa."

"Ba kowa ke nan," in ji Baballe, ya shanye nononsa.

Daga nan ya bi ta wajen Amiru, mai riƙe da makullin ƙofar ruwa, wanda ke buɗe wa kowane layin gonaki ruwa ranar da rabonsa ya zo. Ya same shi yana gyaran kekensa a ƙofar gida. Tun kafin a gama gaisawa Amiru ya fara gumi.

"Ni fa ina Kura. Sahu na biyu. Ka tambayi kowa."

"Ban ce ba ka je ba. Amma alamar ruwa a jikin siminti ta haura inda ta saba da kusan taƙi guda. Wa ya ɗaga ƙofar?"

Amiru ya ajiye sifana. Ya duba hagu da dama.

"Ni ne. Na ƙara mata juyi uku kafin in tafi. Malam, mutanen ƙarshen layi sun hana ni barci. Sati uku ruwa bai isa wajensu ba, kacala ta cushe magudanar daga tsakiya, ciyawa ta fi ni tsawo. Na ce bari in ƙara ƙarfi ko zai ture ya wuce. Amma wallahi ban taɓa gaɓa ba. Gaɓar nan ta sha ɗaukar ruwan da ya fi haka."

Wannan gaskiya ne, Baballe ya sani. Ruwan Amiru zai iya faɗaɗa ƙofar da aka buɗe, amma ba zai buɗe ta da kansa ba. Wani ne ya fara sara.

Da yamma Nasiru ya biyo shi gida da takarda, yana son wanke kunyar safe. Ya bi motoci da babura da a-daidaita-sahun da suka kai mutane Kura, ya lissafa duk wanda ya je. Maza biyu ne kawai ba su je masallaci ba: Mudassiru, da Malam Tambaya da ke kwance shekara biyu da shanyewar ɓarin jiki.

"Ka ga ke nan, Baba. Kes ya mutu."

Baballe ya karɓi takardar ya juya ta, ya mayar masa. Bai iya karatun boko ba, kuma ko ya iya, yunwa yake ji. Tun da matarsa ta rasu, ƙanwarsa Saude ce ke aiko masa da tuwo kowace yamma. Jiya ba ta aiko ba, yau ma shiru. Ya ce a ransa ko jikin ne, ya sayi ƙosai ya ci, ya kwanta.

Ranar Lahadi da hantsi ya koma bakin ɓarakar shi kaɗai. Wannan karon bai dubi sawu ba, ruwan ya bi. Mutum ba ya fasa gaɓa don nishaɗi. Akwai inda yake so ruwan ya je. A gefen gonar Alhaji Sammani akwai wata tsohuwar kwata da aka daina amfani da ita tun kafin a haifi Nasiru, ta bi ta bayan gonaki ta zagaye inda kacala ta toshe, ta faɗa can ƙarshen layi. Ruwa bai bi ta cikinta ba, ya fi ƙarfinta ya tsallake cikin albasa. Amma wani ya share ta kwanan nan. Ga saran fartanya nan, ƙanana, ba zurfi, aikin hannun da ba shi da ƙarfi sosai amma ya san abin da yake yi.

Ya dawo bakin ɓarakar yana tafiya a hankali. A hannun hagu, can sama inda ruwa bai kai ba, ƙarƙashin wata 'yar tumfafiya, ya ga hogen.

Dunƙulen ƙasa ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai fi taƙi ba, an yanke shi da sara huɗu an ɗaga shi ɗungurungum. An kifar da shi, ciyawar kiri-kiri tana ƙasa, laka tana sama.

Baballe ya zauna a kan gaɓar.

Manoman Tudun Gawo in za su buɗe wa fangali ruwa, ture ƙasar suke yi da fartanya ta bi ruwa, in an gama su kankaro wata lakar su toshe. Mutum ɗaya ne ba ya haka: mahaifinsu, Allah ya jiƙansa. Shi yakan yanke bakin gaba ɗaya ya ajiye a gefe a kife, ya ce ciyawa ba ta manne wa ƙasa, in ka tashi rufewa sai ka ɗauka ka mayar ya zauna daram kamar ba a taɓa ba. Mutane sun yi ta yi masa dariya har ya mutu. Mutum biyu ya koya wa. Ɗaya shi ne wannan da ke zaune yanzu da ciwon gwiwa. Ɗayar kuwa yarinyar da ke kai musu abinci gona ce, wadda ba ta yarda ta koma gida sai an bar ta ta buɗe fangali ɗaya da hannunta.

Sai maganar Mudassiru ta dawo masa. Ba kowa, sai mata. Shi da Nasiru da kwamiti duk sun ƙirga sahun masallaci, sun manta rabin gari ba ya zuwa Juma'a. Shekara arba'in yana bin sawu, ga shi jiya an faɗa masa amsa da baki ya shanye nono a kanta.

Ya cire rawaninsa ya naɗe hogen a ciki, ya nufi gari.

Saude na zaune a tsakar gida a kan tabarma, ba ta aikin komai, abin da bai taɓa gani ba. Shekararta hamsin da biyar. Tun da mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ita ke noma 'yar gonarsa ta ƙarshen layi, da ita take ci da marayun jikokinta biyu. Tafukan hannunta duka a ɗaure suke da tsumma.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ka yi haƙuri da maganar tuwo, hannu ne ya hana."

Baballe ya kwance rawanin ya ajiye hogen a gabanta.

Ta daɗe tana kallon hogen. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba.

"Na neme shi," ta ce. "Da ruwan ya fara cin gefe na juya in ɗauko, na ga ƙofar ta riga ta ninka shi uku. Na shiga da hannu, da zanena, da duk abin da na samu. Ya kayar da ni sau biyu. Da na hango shanu tafe sai na bi cikin masara na gudu."

"Taƙi ɗaya kika buɗe."

"Taƙi ɗaya, na awa ɗaya. Na ce kafin a sallame salla zan rufe, ba wanda zai sani. Ina zan san an ƙara ruwa?"

"Saude, za a kori mutane daga gidansu."

"Na ji." Ta ɗago kai. "Kwana biyu ban runtsa ba, kada ka zaci ban ji ba. Inno ce ta yi min jinya da na yi zazzaɓin nan. Amma Yaya, tumatirina na zubar da fure. Sau nawa na zo na same ka? Na ce ka faɗa musu a kwamiti a yi gayyar nan a yanke kacala. Mu ba a kiranmu zama, kai kake da kujera. Sau uku ana ɗagawa. Na farko bikin ɗan Alhaji, na biyu an ce ana jiran lauje daga ƙaramar hukuma, na uku ban ma san dalili ba. Me ka ce musu?"

Baballe ya sunkuyar da kai. Bai ce musu komai ba. Na farko ya ce bari a ga na gaba, na biyu ya yi nufin magana aka riga shi da zancen fitilun kan titi, na uku kuwa barci ya yi, sai da aka shafa fatiha ya farka. Kunya ta kama shi irin wadda bai ji ba tun yana yaro.

"In ka faɗa, za su hana ni ruwa," ta ce a hankali. "Ka san abin da za mu ci bana a gonar nan yake."

"Na sani."

"To me za ka yi?"

Ya naɗe hogen, ya miƙe da ƙyar. Ya bi ta zaure ya fita.

Litinin bayan la'asar aka cika ajin firamare da kwamiti ke zama a ciki. Manya a kan bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa haɓa. Alhaji Sammani a gaba, fuskarsa a murtuke, kuma yana da gaskiyarsa, don wahalar wata huɗu ce ta ruɓe masa. Amiru na gefe yana share gumi. Dattijo da Mudassiru a baya, an bar musu benci guda su kaɗai. Mata kuma a waje, jikin taga, inda suka saba tsayawa in zama ya shafe su.

Sai da Nasiru ya karanta labaran kwamiti tukuna, don ba a tsallake tsari ko gari na ci da wuta. An gode wa matasan da suka cike ramin bakin kasuwa. Famfon unguwar gabas har yanzu ana jiran mai gyara. Gasar ƙwallon unguwanni an mayar bayan salla. Gayyar yankan kacala, za a sanar da rana.

"Yanzu babban batu," in ji Alhaji Ni'imatullahi. "Malam Baballe, sawun nan na shanun wa ne?"

"Na Dattijo ne."

Ajin ya ɗauki guna-guni. Dattijo ya rufe ido.

"To, alhamdu lillahi, tunda..."

"Ban gama ba, Alhaji. Shanun sun sha ruwa ne, ba su fasa ba. Sawunsu a kan lakar da ruwa ya kawo yake. Amiru ya ƙara wa ƙofa juyi uku, shi ya sa ɓarakar ta yi faɗi, amma shi ma ba shi ya buɗe ba." Ya tako gaba ya kwance rawani a kan teburin malami. "Da fartanya aka yanke wannan, aka ajiye a gefe don a mayar. Wanda ya yi ba ɓarna ya nufa ba, ruwa yake so ya kai ƙarshen layi ta tsohuwar kwata. Ban taɓa ganin saniyar da ta yanke ƙasa kusurwa huɗu ta ajiye ba."

Wani tsoho a layi na biyu ya miƙa wuya, ya ƙura wa hogen ido.

"Wannan ai yankan marigayi babanku ne, Baballe."

"Shi ne."

"To duk maza na Kura," in ji Alhaji Sammani. "Kai ma tare muka dawo. Wane ne?"

Baballe ya buɗe baki. Ya kwana yana shirya yadda zai ce shi ne, ya ce ya buɗe tun da safe ya manta. Amma mutum ashirin sun gan shi a teburin mai shayi har lokacin tafiya, ƙaryar ba za ta kai ƙofa ba, kuma in ta faɗi a kan Dattijo za ta faɗa. Bai taɓa jin tsoron faɗin sunan mai laifi ba sai yau.

"Ni ce."

Daga taga muryar ta fito. Saude ta ɗora hannayenta masu tsumma a kan dakalin tagar don kowa ya gani.

"Ni na buɗe, Alhaji Sammani, kuma ni na gudu na bar wa bayin Allah laifi. Ka yafe min albasarka in za ka iya. Inno, ki yafe min. Kada ku wahalar da Yaya, ya riga ya wahala." Ta numfasa. "Amma tunda yau an ji muryata a ɗakin nan, a rubuta cewa sati uku ruwa bai zo mana ba. Mu tara ne a ƙarshen layi, huɗu zawarawa."

Nasiru ya dubi shugaba, shugaba ya dubi wayarsa. Alhaji Sammani ya dafe kai. Ya zo da fushin da ya tanada wa makiyayi, ga shi an miƙo masa matar amininsa marigayi.

"Alhaji," in ji Baballe, "sau uku ta aiko ni in yi maganar gayya a nan, ban yi ba. In akwai rabon laifi, a sa da ni. Ina roƙon a sassauta."

Aka yi ta magana har rana ta yi ja. Wasu suka ce a yafe, wasu suka ce in an yafe yau gobe kowa zai ɗauki fartanya. Waɗanda jiya suka fi kowa ɗaga murya a kan doka, da ake zaton Dattijo za ta ci, su ne yau ba su da bakin janyewa. Dattijo da kansa ya miƙe ya roƙa mata, aka ce masa ya zauna, ba manomi ba ne. A ƙarshe Nasiru ya rubuta abu uku: burtali na nan a buɗe, gonar Saude ba ruwa har ƙarshen rani, gayyar kacala ranar Asabar, ba ɗagawa. Ba wanda ya tuna ya ba Dattijo haƙuri, shi ma bai tsaya jira ba.

Ranar Asabar mutum goma sha ɗaya suka fito a garin da ke da magidanta sama da ɗari biyu. Amiru ya zo, Nasiru ya zo ya ɗauki hoto sannan, abin mamaki, ya naɗe wando ya shiga. Mudassiru ya zo da ƙannensa biyu da adduna, ko da yake ba su da ko fangali ɗaya a layin. Baballe ya shiga ruwa har ƙugu, gwiwarsa na kuka, yana yanka yana jifa gefe. Aikin da aka yi wata biyu ana ɗagawa, kafin azahar an gama shi.

Amiru ya hau keke ya je ya buɗe ƙofa. Baballe ya bi ruwan a ƙafa, yana ɗingishi, yana kallon yadda yake tura busassun ganye a gabansa, gona bayan gona, mutane na buɗe fangalinsu suna hamdala. A can ƙarshe ya tarar da Saude zaune a bakin gonarta. Tumatirin ya yi laushi, ganyen ya naɗe, furen ya zube a ƙasa rawaya-rawaya.

Ruwan ya iso. Ya cika magudanar taf, ya shafi bakin fangalinta na farko, ya wuce zuwa gonar maƙwabciya.

Baballe ya zauna kusa da ita, jikinsa duk laka. Yana so ya ce wani abu, amma duk abin da ya zo bakinsa ya makara da wata biyu.

"Ashe rabin yini ne," in ji Saude, idonta a kan ruwan.

"Rabin yini ne."

Ta gyara ɗaurin tsumman hannunta. Fartanyarta na ajiye a tsakaninsu, ba wanda ya taɓa ta.

"Ka tashi ka je ka wanke jikinka, Yaya," ta ce. "Zan aiko da tuwo in an jima. Miyar kuka ce, ba tumatir."